Kafin Ka Ƙara wa Turbo Ƙarfi, Duba Intakula

A 'yan shekarun nan matasanmu da ke Legas sun koma sayen tokumbo masu turbo, irin su Golf GTI da BMW 335i, kuma da wuya mutum ya yi wata shida da motar bai kai ta an taɓa kwamfutarta don ƙarin ƙarfi ba. Ni ma GTI nake hawa, ƙirar 2012, kuma an yi mata wannan aiki. Abin da na lura shi ne kowa na maganar ƙarfin da ya ƙaru, amma ba a cika maganar zafin da ya biyo bayansa ba. Shi ya sa nake son mu tattauna kan intakula, wato akwatin da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji.

Aikin turbo shi ne ya matse iska ya tura ta cikin inji. Duk iskar da aka matse kuwa sai ta yi zafi. Wanda ya taɓa ba wa taya iska da famfon hannu ya san yadda bututun ke ɗumi. Iskar da ke fitowa daga turbo takan wuce digiri 100, idan kuma aka ƙara matsin sai zafin ya ƙaru. Iska mai zafi ba ta da kauri: wadda ke digiri 60 ta gaza wadda ke digiri 30 da kusan kashi 9 cikin 100. Ban da haka, zafi na sa fetur ya kama da kansa ba a kan lokaci ba, abin da kan fasa fistin. Da kwamfutar motar ta ji alamar haka sai ta ja da baya, ta rage ƙarfi don ta kare injin. Wato ka biya kuɗin ƙarfi, zafi ya karɓe.

Intakular da kamfani ya sa an auna ta ne da matsin kamfani. Tawa ta nuna min iyakarta a fili. Da asuba motar kamar za ta tashi sama, amma idan na fito daga gosulon gadar Third Mainland da rana, ga AC a kunne, na taka sai in ji ta yi nauyi. A Golf GTI intakula tana tsakanin kondensar AC da lagireto, saboda haka a tsaye zafi take sha gaba da baya. Ga kuma man da muke sha, wanda bai kai mai lamba 98 da masu wannan aiki a Turai kan yi lissafi da shi ba.

Kafin na kashe ko sisi sai da na auna. Akwai 'yar na'urar da ake soka wa a ramin OBD a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna zafin iskar da ke shiga inji a wayarka. Ka taka motar sau uku a jere a hanyar da babu jama'a, wani na gefe yana duba wayar. Idan zafin na hawa a kowane zagaye bai sauka da wuri ba, intakular ta gaza. Idan yana sauka, riƙe kuɗinka.

Idan ta tabbata sai an canza, ga abubuwan da na duba.

Na farko, girma. Yawancinmu mun ɗauka wadda ta fi girma ita ce ta fi kyau. Wadda ta yi wa turbo yawa tana ɗaukar lokaci kafin ta cika, sai ka taka motar ta yi jinkirin amsawa. Wadda ta cika kauri kuma tana tare wa lagireto iska, ka gyara zafin iska ka jawo zafin ruwa. A gari irin Legas wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Nemi wadda aka yi don ƙarfin da motarka ke da shi yanzu.

Na biyu, irin ƙirar. Akwai mai nauyi da aka jera da sanduna da faranti, akwai mara nauyi mai siraran bututu. Mai nauyin ta fi jure dutse da duka, kuma tana daɗewa kafin ta ɗau zafi, sai dai idan ta ɗauka tana daɗewa kafin ta huce. Marar nauyin ta fi barin iska ta ratsa zuwa lagireto, amma tsakuwa na saurin lanƙwasa ta. Saboda halin hanyoyinmu na zaɓi mai nauyin.

Na uku, asarar matsi. Kowace intakula tana cin wani abu daga matsin da turbo ya tara. Mai kyau takan tsaya wajen psi 1 zuwa 2. Idan ta ci fiye da haka, turbo zai ƙara wahala don ya cike giɓin, ya kuma ƙara zafi. Mai sayarwar da bai iya gaya maka wannan lamba ba, ƙyalli yake sayar maka.

Na huɗu, gefunanta da zamanta. Ta kamfani sau da yawa gefunanta na roba ne da aka danne da ƙarfe, kuma nan ne iska kan fara zuba idan matsi ya ƙaru. Nemi mai gefen alminiyam da walda mai tsafta. Ta kuma zauna a mazaunin tsohuwar ba tare da an yanke ƙarfen da ke bayan bamba ba, domin wannan ƙarfen shi ke tare maka karo. Kada kuma ta sauko ƙasa da bamba, ga ramuka ga ambaliyar damina.

Wanda zai shiga Ladipo neman ta hannu, ya leƙa cikinta da tocila. Ɗan danshin baƙin mai ba komai ba ne, amma idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe, turbon tsohuwar motar ne ya fashe a ciki, kuma injinka ne zai haɗiye ragowar. Sa bakanike ya toshe bakunan, ya ba ta iska, ya zuba ruwan sabulu. Duk inda ya yi kumfa, huda ce. Araha ba ta ado.

A sani kuma ba duk mota ce wannan bayani ya shafa daidai ba. BMW masu injin B58 da ruwa suke sanyaya iskar, Subaru WRX kuma tata a saman inji take. Fara sanin irin taka.

Bayan an ɗaura, a canza tiyo da kilif idan sun tsufa, a sake aunawa da na'urar nan, a kuma riƙa wanke ƙurar hunturu da ruwa mara ƙarfi. Tawa ba ta ƙara gudu ba, amma yadda take amsawa da safe haka take amsawa da azahar, kuma abin da na biya kuɗi dominsa ke nan. Wanda kuɗinsa bai kai na intakula ba, gara ya bar kwamfutar motar yadda take har ya tara, domin kuɗin inji ya ninka nata sau da yawa. Allah Ya kiyaye hanya.