Na Bi 'Yan Makaranta Zuwa Masana'anta a Jamus

Da sanyin safiyar Nuwamba, irin wanda yake ratsa ƙashi, muka tsaya a ƙofar wata makaranta a gefen birnin Stuttgart muna jiran bas. Yara ashirin da ɗoriya ne, 'yan shekara 14 zuwa 15, kowa da ɗan littafinsa a aljihu. Abokina ɗan Damagaram, wanda ya daɗe a ƙasar, shi ne tafintana. Ya ce mini, "Malam, buɗe ido da kyau, yau karatun a waje yake."

Na zaci Mercedes-Benz ko Bosch muka nufa, tunda nan ne gidansu. A wannan birni Robert Bosch ya buɗe shagonsa a 1886, kuma tun 1913 kamfanin ya keɓe wurin horar da masu koyon sana'a. Sai ga mu a wani ƙauye, gaban wata ƙaramar masana'anta ta gado, inda ake sassaƙa ƙananan ƙarafunan da ake sa wa injin mota.

A bakin ƙofa aka raba mana tabarau na kariya da abin toshe kunne. Wadda ta tarbe mu yarinya ce 'yar shekara 17, cikin kayan aiki da takalmi mai bakin ƙarfe. Azubi suke kiran irinta, wato mai koyon sana'a, kuma shekara biyu da suka wuce tana zaune a ajin da waɗannan yaran suke. Maigidan da gangan ya ja baya ya bar mata fage. Ta ɗauko wani ƙarfe da bai wuce babban yatsa ba, ta miƙa wa wani yaro tare da ma'aunin kauri, ta ce ya auna. Ya auna, ya duba takardar zane, ya sake aunawa, goshinsa ya tattare. Kaurin ya zarce da abin da bai kai silin gashi ba. Ta karɓa ta jefa a kwandon waɗanda suka lalace. Na ga yaron ya bi ƙarfen da kallo. Lissafin da malaminsa ya sha fama da shi a kan allo, yau ya riƙe shi a tafin hannu.

Daga nan tambayoyi suka ɓarke, kuma tun makon da ya gabata suka rubuta su a aji. Ƙarfe nawa kike tashi? Nawa ake biyanki? Kin taɓa ɓata aiki, me maigida ya ce? Ta amsa duka ba ɓoye-ɓoye. Babu babban da yaro zai yi wa irin waɗannan tambayoyi ya saki jiki haka.

Abin yana da gindi a doka. Tun 1969 Jamus take da dokar koyon sana'a, kuma sana'o'in da aka amince da su sun haura 300. Mai koyo yakan yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makaranta, shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa duk wata. Kafin ya kai nan, makaranta ta kai shi ziyara irin tamu, ta kuma tura shi ya yi mako guda ko biyu a wani wurin aiki. Tun 2001 ma akwai rana guda a shekara da ake buɗe wa 'yan mata ƙofofin sana'o'in da aka saba ganin maza a ciki.

Abin da ya fi zauna mini a rai a hanyar komowa ya faru. Wani yaro ya gaya wa malamin cewa shi kam ƙarar nan da ƙaurin man inji ba zai iya da su ba. Na ɗauka malamin zai ji zafi, sai na ga ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Ya ce da ni gara yaron ya gane haka a yini ɗaya da ya gane bayan ya ɓata shekara, kuma mako mai zuwa gidan burodi da asibiti za su je.

Shekara goma sha biyu na yi ina koyarwa a kwalejin fasaha a gida. Da alli nake zana wa ɗalibaina injin sassaƙa ƙarfe, suna kwafa da kyau, wasunsu har su gama ba su ji ƙararsa ba. Muna da shirin SIWES, na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, tun 1973, kuma yana da amfani, sai dai yakan zo bayan yaro ya riga ya zaɓi hanya. Alhali ga Panteka a Kaduna, cike da masu walda da masu zubin ƙarfe da kafintoci, ƙwararrun da za su karɓi yara hannu bibbiyu in an tambaye su cikin girmamawa.

Kafin bas ɗin ta tsaya, na ciro takarda na rubuta sunayen iyayen gida uku da na sani a Panteka, na fara lissafin kuɗin mota na yara talatin.