Kafin Hilux Ta Ja Da Ƙafa Huɗu

Ina girmama bakaniken da, idan aka kawo masa Hilux mai ja da ƙafa biyu don a mayar da ita mai ja da huɗu, yake fara ƙirga haƙora kafin ya faɗi kuɗin aiki.

Zuciyar aikin ita ce akwatin raba ƙarfi, wanda ke bayan giyabos yana rarraba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. A tsofaffin Toyota, sandar da ke haɗa su tana da haƙora 21 ko 23. Idan ba su dace ba, dole a canza ta. Ƙaramar giyarsa kuma tana ninka ƙarfi sau 2.28, abin da ke fitar da mota daga yashi.

Haɗarin yana ga aksul. Idan lissafin giyar gaba ya saɓa da na baya, tayoyin za su yi ta jayayya har wani ƙarfe ya karye, galibi nesa da gari. Don haka duk mai wannan niyya ya nemi a nuna masa lambobin aksul biyun sun yi daidai kafin a kwance ƙusa ɗaya.