Su a Bayan Ƙofar Gayan

Ran wata Asabar cikin watan Afrilu muka tashi daga Wusasa tun da asuba, muka nufi Ƙofar Gayan, wadda take wajen kudu da birnin Zariya. Ganuwa ta zaizaye, gidaje sun cinye ta a wurare da yawa. Amma kududdufai suna nan, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini, ruwan damina ya cika su. Su muka je gani.

A bakin wani babba muka tarar da wani tsoho yana fatsa. Muka gaisa, muka ce, "Baba, ina labarin kifi?" Ya ce, "Malamai, kun yi sammako, kun kyauta. In rana ta take, ko kitse kuka sa a ƙugiya ba mai taɓawa." Gaskiyarsa kuwa. Da bazara ruwa yakan ja baya, ya yi ɗumi, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar da kifi yake shaƙa kamar ruwan sanyi. Saboda haka da rana kifi yakan lafe a ƙasa, sai da asuba ko da almuru yake neman abinci.

Karfasa ce ta fi shan wuya. Tarwaɗa ba ruwanta, gama Allah ya yi mata wani abu a bayan kai da take shaƙar iskar sarari. Mun zauna shiru muna ganin yadda take tasowa, ta haɗiyi iska, ta koma. Gaiwa kuwa ta fi su duka dabara. In ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta kwanta watanni tana jiran damina. Tsohon ya nuna mana wani ɗan rami a busasshiyar laka, ya ce da fartanya ake kama mai wannan ɗaki. Yaranmu suka yi ta dariya, wai an taɓa su da fartanya?

Wani cikinmu ya tuna mana cewa Tekun Galili, inda Bitrus da Andarawus suka yi sana'arsu, ruwan daɗi ne, kuma har yau akwai karfasa da tarwaɗa a cikinsa. Sai dai Yahudawa ba su cin tarwaɗa, domin ba ta da ɓawo. Mu dai muna ci, har da suɗe kwano.

Da hantsi ya yi sai yara suka fito daga unguwa, wajen su goma sha biyu. Suka tuɓe, suka shiga ruwa har ƙugu, waɗansu da kwando, waɗansu da tsohon gidan sauro. Da yake ruwa ya ragu, kifi ya taru wuri ɗaya, kamu ba wuya. Amma gidan sauro ba ya barin ko 'ya'yan kifi, tsohon kuwa ya yi ta gunaguni, yana cewa abincin baɗi suke kwashewa.

Mu abin da ya fi damunmu dabam ne. A jikin ciyawar bakin ruwa mun ga ƙananan katantanwa. Irin waɗannan su ne masaukin tsutsar tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya shiga katantanwa, daga nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba. Mutane da yawa suna ɗaukan jinin alamar balaga ce ga ɗa namiji, alhali kuwa ciwo ne mai lalata mafitsara sannu a hankali. Akwai maganinsa a asibiti, sunansa Praziquantel, ba a daɗe ana sha ba. Iyaye, in kun ga ja a fitsarin yaro kada ku jira.

Ƙaramin ɗanmu ya riga ya naɗe wando zai bi su, uwarsa ta riƙo shi. Tsohon ya miƙa masa sandar fatsa, ya zaunar da shi a kan dutse, ya koya masa sa tana a ƙugiya. Bai kama kome ba, rana ta riga ta yi. Muka sayi tarwaɗa uku a wurin Baba, muka kama hanyar gida.