Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Mu Hausawa an san mu da kara, kuma hali ne mai kyau, sai dai akwai inda kara take zama cuta. Idan mutum ya miƙo maka rubutunsa ya ce duba mini, abu mafi sauƙi shi ne ka ce “Masha Allah, ya yi,” ka mayar masa. Mu marubuta mun san illar haka. Littafi nawa aka yaba tun yana rubutun hannu, ya fito kasuwa ya yi kwantai?

Ni dai iyakata sakandare, amma kwanakin baya na shiga wani kwas na ƙarshen mako kan kasuwanci. Malaminmu ya sa kowa ya rubuta ɗan bincike kan cinikin wata haja, sannan mu yi musaya, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Takardar da ta faɗo hannuna ta wata yarinya ce sa'ar ƙanwata, kuma a kan kasuwar littattafan Hausa ta yi. Ta zaga shagunan littattafai a Kano, ta tambayi masu saye da masu sayarwa, ta kammala da cewa tsada ce ta kori makaranta, don haka a rage kuɗin littafi. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne, a kan wannan lissafin take shirin zuba kuɗin adashinta ta buga littafin wata ƙawarta.

Rubutun nata tsaf yake. Matsalar tana wajen mutanen da ta tambaya, domin a harkarmu mai saye daban, mai karatu daban. Tun zamanin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, kwafi ɗaya yakan zaga gidaje har bangonsa ya cire. Ga aro, ga masu bayar da haya a unguwanni, ga matan aure da sai dai su aiki yaro, ga masu saurare a rediyo. A yau kuwa da yawansu suna cikin waya: WhatsApp, Wattpad, ArewaBooks, da masu karanta littafi a YouTube. Duk wanda ya tsaya bakin shago ba zai gamu da su ba. Sannan ba ta lissafa kuɗin takarda, wadda mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, ko al'adar ɗan kasuwa ta karɓar littafi sai ya sayar ya biya ba. In aka rage farashi, aljihun marubuci ne zai ji a jikinsa.

Ban faɗa mata a gaban aji ba, keɓe ta na yi. Na fara da abin da ta yi daidai, don gaskiya ta taka ƙafa ta shiga kasuwa. Sai na ce, “Ƙanwata, yaushe rabonki da sayen littafi a shago?” Ta yi shiru, ta ce ta manta. “To yaushe rabonki da karanta labari?” Ta ce jiya da daddare, a waya. Ta dube ni ta ce, “Anti, ke nan in sake daga farko?” Na ce a'a, abin da kika tara yana nan, sai dai bayanin masu zuwa shago ne kawai, ki faɗi haka a fili, sannan ki nemi masu karatu a waya ki ji ta bakinsu. Ban gyara mata waƙafi ko ɗaya ba, ban kuma rubuta mata layi ba. Wanda katangarsa ta tsage ba fenti yake nema ba.

Shawarata ga duk wanda aka ba shi aikin wani ya duba: nemi kuskure guda wanda sauran suka rataya a kansa, ka nuna shi a asirce, ka bar mai aiki da aikinsa. Zai yiwu ya ji zafi na kwana biyu, amma kasuwa ba ta da kara. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin ɗan kasuwa bayan kuɗi sun tafi.

Allah ya haɗa mu da masu faɗa mana gaskiya, amin.