Shin Kwamfuta Za Ta Iya Auna Abin Da Ke Ɓoye A Zuci?

 

Ya 'yan'uwana matasa, a shekarar 1998 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Washington a Amurka, mai suna Anthony Greenwald, shi da abokan aikinsa suka fito da wani gwaji da ake kira IAT a taƙaice. Manufarsa ita ce bankaɗo ƙyamar da mutum yake ɗauke da ita game da wani jinsi ko addini, alhali shi kansa bai san yana da ita ba. Shi da Mahzarin Banaji da Brian Nosek suka ɗora gwajin a intanet, kuma miliyoyin mutane sun yi shi.

Ga yadda yake. Ana nuno maka fuskokin baƙar fata da na farar fata, da kalmomi masu daɗi da marasa daɗi, kai kuma ka riƙa ware su da maɓallai biyu cikin gaggawa. A wani zagaye baƙar fuska da kyakkyawar kalma suna maɓalli ɗaya, a wani zagayen kuma a juya. Kwamfuta tana lissafa jinkirinka, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Idan hannunka ya fi sauri wajen haɗa farar fuska da alheri, sai a ce zuciyarka ta karkata can.

Akwai nau'in da aka yi da sunayen Larabawa Musulmi, kuma shi na gwada. Ya ce ina fifita su a kan sauran mutane. Bayan mako guda na sake, sai ya ce ba ni da wani fifiko. Ban canza aƙida a kwana bakwai ba. Kuma sunayen nan su nake kira kullum a rajistar ajina na Islamiyya, harshena da idona sun saba da su, ɗaya ɓangaren kuwa baƙin sunaye ne gare ni. To me aka auna, ƙauna ko sabo?

Masana ma sun yi wannan tambayar. An gano cewa sakamakon mutum ɗaya yakan sauya sosai daga zama zuwa zama, kuma mudun da yau ya cika gobe ya rage ba a awo da shi a kasuwa. A 2013 Frederick Oswald da abokansa suka tattara binciken da aka yi, suka ga makin gwajin ba ya nuna yadda mutum zai mu'amalanci jama'a sai ɗan kaɗan. A 2015 su Greenwald da kansu suka yarda cewa bai dace a yi amfani da shi wajen yanke wa mutum ɗaya hukuncin wariya ba. A 2019 kuma Patrick Forscher da wasu suka duba bincike kusan 500, suka ga ana iya sauya makin mutum ba tare da aikinsa ya sauya ba.

Kada wani ya ɗauka ina musun cewa zuciya tana ɓoye wa mai ita abubuwa. Malamanmu sun daɗe a kan wannan. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857 Miladiyya, laƙabinsa ma daga yi wa kai hisabi ya samo shi, kuma Imamu Gazali ya tsawaita bayani a Ihya'u a kan ɓoyayyiyar riya. Sahabi Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, da dukkan tsoron Allahnsa, ya goranta wa wani mutum uwarsa, har Manzon Allah (SAW) ya nuna masa akwai sauran halin jahiliyya a tare da shi. Amma ku lura, ya 'yan'uwa, sai da kalmar ta fito daga bakinsa aka yi masa gyara. Haka ƙa'idar malaman fiƙihu take: hukunci a kan zahiri yake, ɓoye kuwa na Allah ne. Shi ya sa nake jin tsoron ranar da za a hana wani aiki, ko a kira shi mai ƙin mutane, saboda yatsansa ya yi nawa.

Awon da na fi natsuwa da shi shi ne wanda ya dubi aiki. A 2010 Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort suka wallafa wani bincike da suka yi a Faransa. Sun aika wa kamfanoni takardun neman aiki na mata biyu na ƙirƙira, masu ilimi ɗaya da sunan dangi ɗaya na Senegal, wato Diouf. Ɗaya Marie, ɗaya Khadija. An kira Marie ganawa ninki biyu da rabi na yadda aka kira Khadija. Ba a tambayi ko ɗaya daga masu ɗaukar aikin abin da ke ransa ba, amsoshin da suka dawo kawai aka ƙirga.