Kazar da muka ƙi yankawa

Makon jiya kazarmu ta kasa fitowa daga akurki, tana gyangyaɗi, kashinta kore. Maƙwabta suka ce a sa mata wuƙa tun da sauran ranta. Muka ƙi, don ƙwanta ke saya wa yara littafi.

Muka ware ta a kwando kusa da murhu, muna ɗura mata ruwan sikari da jiƙaƙƙen tsaki. Kwana biyar ta miƙe, amma wuya ya karkace. Biyu cikin sauran sun mutu.

Sakacinmu ne, sabon zakaran kasuwa muka saki cikinsu. Fakat ba ta da magani sai rigakafi, kuma a Vom ake yin sa, ba nisa da Jos. Wa zai shigo mu haɗa kuɗin kwalba kafin hunturu ya kankama?