Babu gaisuwa a bakin kwana

Shekara ashirin da biyu ya yi yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a wani gareji da ke bayan garin Le Mans, a yammacin Faransa. Haifaffen Damagaram ne, a can ya koyi kanikanci. Duk shekara yakan ji rurin motocin tseren awa 24, wanda aka fara tun 1923, amma bai taɓa sa taya a filin ba. Sai da ya haura hamsin ya sayi tsohuwar Mazda MX-5, ƴar mota mai kujera biyu da nauyinta bai fi tan guda da kaɗan ba, ya biya kuɗin yini ɗaya a filin Bugatti. Irin wannan yini ba tsere ba ne. Ba a ba da kofi, ba a neman na ɗaya. Masu motoci ne ake buɗe wa filin su yi gudu rukuni-rukuni, inda babu mai tahowa ta gaba, babu kuma iyakar kilomita 130 ta manyan hanyoyin ƙasar.

Shirin motar bai ba shi wuya ba, don aikinsa ne. Ya zubar da tsohon man birki ya zuba sabo, domin man birki yana shan danshin iska. Nau'in DOT 4, in sabo ne, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 155. In ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse babu komai. Ya sa sabbin takalman birki, ya ɗaure ƙusoshin taya, ya ɗaura ƙugiyar ja a gaba. Ya kwashe duk abin da ke cikin motar, har tabarmar ƙafa da carbin da ke rataye a madubi. Ya kuma karanta takardar inshorarsa, ya ga ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere. In motar ta daki shinge, ajiyar shekara uku ta tafi.

Da safe aka tara sababbin zuwa aka karanta musu tutoci. Rawaya, akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce kowa. Ja, an tsayar da zagaye. Shuɗiya, wanda ya fi ka gudu yana bayanka. Rawaya mai ratsin ja, hanya tana da santsi. Baƙa, kai ake kira ka fito. Mai ɗigon baƙi da fari kamar allon dara, lokaci ya cika. Harshe ne mai ƴan kalmomi, kowace da ma'ana ɗaya tak, ba karin magana, ba habaici.

Sai aka haɗa shi da mai koyarwa, saurayi sa'ar ɗansa na fari. Yaron ya miƙa masa hannu, ya kira shi da vous, wakilin sunan girmamawa na Faransanci, kwatankwacin yadda yaro mai tarbiyya yake ce wa dattijo "ku". Ya bayyana masa cewa kowace kwana tana da wurare uku: inda ake taka birki, inda ake juya sitiyari, da inda mota take shafar cikin kwanar kafin ta buɗe. Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ji daɗin ladabin.

Filin Bugatti tsawonsa kilomita 4 da mita 185 ne, kuma miƙaƙƙiyar hanyar farawa da gadar Dunlop nasu ne tare da babban filin awa 24. A zagayen farko, suna tafiya sannu, yaron yana magana da cikakkun jimloli. A na biyu jimlolin suka gajarce. A na uku vous ya ɓace. Abin da ya rage aikatau ne tsirara a sigar umarni ta tilo, wadda ake yi wa aboki ko yaro. "Taka! Saki! Duba can! Ba ta wuta!"

Bahaushe ya san bambancin "ku zauna", da "ka zauna", da "zauna!". Ukun duk abu ɗaya suke nema, amma kowace tana faɗin matsayin mai magana da na wanda ake yi wa. Wanda ya tashi inda ba a tambayar hanya sai an gaisa, kunnensa yana jin wannan bambanci kafin ya ji ma'anar aikatau. Haka ta faru da shi. A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar baya akwai kwana mai karya hagu ta karya dama, sunanta Chemin aux Bœufs, wato burtali. Suna tunkararta allura tana kusa da 150, yaron ya ce, "Taka!" Dattijon bai ƙi ba. Zuciyarsa ce ta tsaya ta ce: yaron nan da ni yake? Tsayawar ba ta kai daƙiƙa ba. Amma motar da ke gudun kilomita 150 a awa tana cin kusan mita 42 a daƙiƙa guda. Da ya taka, wurin takawa ya wuce. Ya ƙura wa tsakuwar gefe ido, hannu ya bi ido, mota ta bi hannu. Suka nutse cikin tsakuwa, ƙura ta rufe su.

Babu wanda ya ji ciwo, motar ma ba ta taɓa shinge ba. Amma an ɗaga jar tuta, an tsayar da rukunin duka saboda shi, aka zo aka jawo motar da ƙugiyar da ya ɗaura da hannunsa. Ya zauna yana zaro tsakuwa daga cikin tayoyi, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya yi tunanin naɗe kayansa ya tafi gida.

Yaron ya tsuguna kusa da shi, ya koma vous. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce laifinsa ne da bai gaya masa tun farko ba cewa a cikin mota ba zai iya girmama shi da baki ba. Ya ce, "In na ce ku yi haƙuri ku taka birki, kafin in rufe baki mun wuce kwanar."

Nan dattijon ya gane abin da ya sani tun yana yaron gareji. Ranar da jak ya zame, ubangidansa bai ce "don Allah" ba, cewa ya yi "Fito!" Shi ma da bakinsa ya sha yi wa manya irin wannan tsawa, ba wanda ya kira ta rashin kunya. Ladabin harshe lokaci yake ci, kuma mai magana yana ba da wannan lokaci ne don ya nuna darajar abokin magana. Inda lokacin ya zama mitoci tsakanin mutum da shinge, mai daraja ka shi ne wanda ya ƙi ɓata shi.

Bayan azahar ya rage wa tayoyi iska, don zafi ya kumbura su, ya sa hular kwano ya koma. Wannan karo ya bar kalmar ta wuce daga kunne zuwa ƙafa ba tare da ta biya ta zuciya ba. Ya koyi taka birki da ƙarfi mota tana miƙe, ya sassauta yana juyawa, ya jefa ido inda yake so ya fita. Da aka nuna masa shuɗiyar tuta ya ba da hanya, bai ji an rage shi da komai ba. A zagayen ƙarshe yaron bai ce uffan ba a Chemin aux Bœufs, hannu kawai ya ɗaga.

Suka yi zagayen huce birki, suka shigo. Bai ja birkin hannu ba, don kada takalmi ya manne wa faifai mai zafi, ya bar motar a giya. Yaron ya cire hularsa ya ce, "Kun yi kyau, yallaɓai." Dattijon ya dube shi, ya amsa masa da tu, irin wanda yake yi wa ɗansa.